Yadda na sayar da tim-tim a duniyar da ba a taka ƙasarta

Tun da labari ya bazu a majalisarmu ta unguwar Mabera a Sakkwato cewa ina sayar wa Turawa kayan fata ba tare da na kai ko tsinke tasha ba, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da tambaya ba. Wasu sun ɗauka kirifto nake yi, wasu kuma, Allah ya yafe musu, sun zaci damfara ce. Na gaji da maimaita bayani a tsaye bakin masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki yadda ya faru da ni, musamman wuraren da na yi tuntuɓe, don mai zuwa baya ya tsallake.

Sana'ata ta asali zane ce a kwamfuta: katin ɗaurin aure, sitikar biki, kalandar 'yan siyasa idan kakarsu ta zo. A ƙarshen 2022 na ci karo da wani bidiyo na wata mata tana zagaya shagonta a cikin Second Life. Wannan wata duniya ce ta cikin intanet da kamfanin Linden Lab na San Faransisko a Amurka ya buɗe tun 2003. Kowa yana shiga da mutum-mutumin da ke wakiltarsa, ya yi yawo, ya yi hira, ya kama hayar fili ya gina gida. Abin da ya ja hankalina shi ne kusan duk abin da ke ciki, daga takalmi har bene, mazauna ne ke ƙera shi su sayar wa juna. Suna da kuɗinsu, dalar Linden, wadda wajen 250 ke daidai da dalar Amurka ɗaya, kuma ana iya canza ta zuwa dala ta gaskiya. Na leƙa wasu wuraren kafin na tsaya a nan. Decentraland da kirifto ake cinikinta, a lokacin kuwa umarnin Babban Banki na Fabrairun 2021 da ya hana bankuna taɓa harkar kirifto yana nan daram, sai a Disambar 2023 aka sassauta shi. Roblox kuma yawanci yara ne, abin da suke so ba shi na iya ba.

Rajista kyauta ce, minti biyar ta ɗauke ni. Na sauke manhajar shiga mai suna Firestorm, wadda mafi yawan mazauna ke amfani da ita, na shiga. Daga nan ne na fara sanin ruwa ba sa'an kwando ba ne. Laftof ɗina tsohuwa ce, 'yar gwanjo da na saya a titin Emir Yahaya, ba ta da katin hoto na kirki. Ina sauka na ga komai toka-toka, mutane kamar hayaƙi, sai a hankali launi ke zuwa. Kowane bango da kowace riga da idonka ya sauka a kai sai an sauko da su ta datarka. Cikin awa biyu datar da nake ja mako guda ta ƙone. Daga baya na koyi rage nisan gani zuwa mita 64, na guji wuraren cunkoso, na koma aikin dare da data mai rahusa. Wani abin da zan faɗa tun da wuri: an kasa yankunan wurin gida uku, na kowa da kowa, na tsaka-tsaki, da na manya zalla. Ka shiga saiti tun ranar farko ka rufe na ukun. Ni ban sani ba, kuma abin da na gani a mako na farko ba na faɗa ba ne.

Wannan ya sa na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa bayan magariba, na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har na gama, ya ce shi bai ga laifi a ƙera kujera ko tabarma ba, amma in nisanci sassaƙa surar mai rai, in kuma kula da inda ƙafata ke zuwa ko da ƙafar ta hoto ce. Sai ya ƙara da wata magana da ban yi tunaninta ba. Na gaya masa ina son yin allon zayyana, ya ce in yi zayyanar amma kada in sa aya ko ɗaya, domin wanda ya saya yana iya shimfiɗa shi a ƙasa ko ya rataye a gidan rawa, ni kuwa ba ni da ikon hana shi. Har yau allunan da nake sayarwa ado ne kawai, babu harafi.

Wata na farko na ɓata shi wajen kwaikwayon abin da na tarar: kujerun falo irin na Turai, fitilu, teburan gilashi. Da na bincika kasuwar wurin na ga irinsu dubbai, na mutanen da suka shekara goma sha suna yi, wasu ma kyauta ake bayarwa. Wata rana na raka yayata sayen kayan ɗakin 'yarta a wurin dukawa cikin tsohon gari, ina tsaye ina kallon wani dattijo yana ɗinka tim-tim da jar fatar akuya, ya yi masa dagi a tsakiya da kore da baƙi. Fatar nan ta jar akuyar Sakkwato ita ce aka riƙa ketara Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Na dawo gida na rubuta sunan Maroko a akwatin binciken kasuwar, sai ga kaya shafi-shafi. Na nemi wani abu na ƙasar Hausa, ban ga abin kirki ba.

Washegari na koma wurin dattijon. Na gaishe shi, na ce, “Baba, so nake in ɗauki hoton aikinka in yi irinsa cikin kwamfuta in sayar.” Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “To ɗana, wanga tim-tim da ba a zama bisa nai, wa ka saye nai?” Na yi ta bayani har na ga yana murmushin wanda ya tabbata yaron nan ya samu matsala. Amma ya yarda. Na sayi guda ɗaya a hannunsa don kada abin ya zama na roƙo, na kuma yi masa alkawarin wani abu idan Allah ya kawo kasuwa. Hotunan farko da na ɗauka da tsakar rana duk sun lalace, fatar ta yi ƙyalli kamar an shafa mata mai. Sai na gane da sassafe ake yi, a inuwar zaure, a shimfiɗa fatar a kan farin ƙyalle, waya a sama daidai tsakiya. A haka ne ƙananan ramukan gashi da sawun basilla ke fitowa, su ne kuma ke sa mai kallo ya ji kamar zai shaƙi warin jima.

Na koyi Blender, manhajar ƙira ta kyauta, ta bidiyoyin YouTube da nake saukewa da dare. Wata biyu na yi kafin tim-tim ɗina ya daina kama da ƙosai. Da na zo ɗora shi sai na tarar da ƙofa a rufe: ba a ba ka damar ɗora irin wannan ƙira, ko buɗe shago a kasuwar, sai ka sa bayanan katin biyan kuɗi a asusunka, sannan ka amsa 'yan tambayoyi kan haƙƙin mallaka, cewa ba za ka ɗora aikin wani ba. Tambayoyin ba su da wuya. Katin ne ya cinye mini wata biyu da rabi. Na sa katina na naira, aka ƙi. Na sake, aka ƙi. Ashe tun a 2022 bankuna da dama sun dakatar da sayayyar ƙetare da katin naira, nawa yana ciki, ban sani ba tunda ban taɓa sayen komai a waje ba. Na gwada katin dala na cikin waya da wani aboki ya nuna mini, shi ma bai shiga ba, kuma dala biyar da na zuba ta maƙale kwana goma kafin ta dawo. Ba sauran dabara sai asusun dala na banki.

Na tashi zuwa banki a Fabrairun 2023, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace. Wanda ya ga titin Kano na nan Sakkwato a waɗannan kwanaki ya san abin da nake nufi. Na isa bakwai da rabi na safe, aka rubuta mini lamba a bayan hannu, ban shiga ba sai bayan azahar. Jami'ar da na samu ta miƙo mini fom ta lissafa abin da zan kawo: lambar BVN, takardar NIN, hotuna biyu, takardar wuta ta watannin baya-bayan nan, da mutum biyu masu asusun karant da za su tsaya mini. Mutum biyun nan sun fi komai wahala. Kusan duk abokaina asusun ajiya gare su, sai da na je wurin kawuna mai shagon taki, da wani tsohon malaminmu na sakandare. Fom ɗin kawu ya dawo saboda sa hannunsa ya saɓa da wanda ke bankinsa, na sake hawa kabu-kabu na same shi ya sake sawa, yana mita yana cewa shi bai taɓa sa hannu iri ɗaya sau biyu ba a rayuwarsa.

Zuwa na uku ne aka gano babbar matsalar. Sunan mahaifina a BVN an rubuta shi Mohammed, a NIN kuma Muhammad. Laifina ne, ni na cike su a shekaru daban-daban ban kula ba, don a wurinmu suna ɗaya ne. A wurin kwamfuta kuwa mutum biyu ne. Na je kotu na yi takardar rantsuwa, wadda ba ta ɗauke ni awa biyu ba kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba, na dawo na cike fom ɗin gyara, aka ce in jira. Mako uku na jira. Ana cikin haka wanda banki ya turo tabbatar da adireshi ya kira ni yana cewa ya zagaye unguwa bai ga gidan ba. Ina zai gani, gidanmu ba lamba, a takardar wuta ma sunan kakana ne da ya rasu tun ina firamare. Na ce ya tsaya gindin darbejiyar bakin masallaci, na fito na jawo shi cikin lungu, ya ɗauki hoton ƙofa, ya sha ruwan randa ya tafi. Bayan an buɗe asusun na sayi 'yan daloli a wurin 'yan canji na zuba, aka cire kuɗin kati, na jira kwana tara katin ya iso. Daren da na sa lambobinsa aka karɓa, na daɗe ina kallon fuskar kwamfutar kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Na zaci an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. A Second Life kowane fili yana da iyakar nauyin kayan da zai ɗauka, kowane kaya kuma da makin nauyinsa. Mai hayar ɗan ƙaramin fili yana lissafin makin nan kamar yadda uwargida ke lissafin cefane. Ni kuwa don son burgewa na ƙera kowane ɗinki da kowane tufka da alwatika dubu-dubu, wato ƙananan gutsattsarin da ake haɗa ƙira da su a kwamfuta, sai tim-tim ɗaya ya fito da nauyi sama da talatin, alhali masu saye suna neman ɗaya ko biyu. Na koma na rushe shi. Sirrin shi ne ƙirar ta zama mai sauƙi, adon duka ya koma cikin hoton da za a lulluɓa mata, ido ya ga tudu inda babu tudu. Sannan ana buƙatar ƙirar a mataki huɗu, daga ta kusa zuwa ta nesa. Na bar wa manhaja ta yi mini na nesan da kanta, sai ya zama idan ka ja baya taku goma tim-tim ya koma kamar fasasshiyar ƙwarya. Dole na zauna na yi kowanne da hannu. Kowace ɗorawa da kuɗinta, hoto ɗaya dalar Linden 10, ƙira kuma gwargwadon nauyinta, kuma na ƙona kusan dubu kafin wata mata 'yar Jamus da na haɗu da ita a filin gwaji ta ce mini, me ya sa ba na zuwa Aditi? Ashe akwai duniyar gwaji ta daban mai wannan suna, inda za ka ɗora ka goge sau ɗari ba a taɓa kuɗinka na gaske ba.

Duk wannan a watan Afrilu ne, ga azumi ga zafin Sakkwato da ke haura digiri 40. Laftof takan yi zafi ta ɗauke da kanta ana tsakiyar aiki. Na ɗora ta a kan tubalan siminti biyu don iska ta ratsa ƙasanta, na kai ta aka buɗe aka share ƙurar hunturu da ta toshe fankarta, na mai da lokacin aikina daga bayan tarawi zuwa sahur. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu lita ta haura naira 500, janareta ya gagare ni, na sayar da tsohuwar wayata na haɗa ƙaramar sola da batir ɗaya.

Buɗe shago a kasuwar shafinsu kyauta ne, sai dai suna cire kashi 10 cikin ɗari na duk abin da ka sayar. Na sa hoto, na rubuta bayani da Turancin da Allah ya hore mini, na sa farashi dalar Linden 150. A nan na yi kuskuren da ya fi ci mini rai. Kowane kaya yana da izini uku da kai mai ƙira za ka zaɓa wa mai saye: ya iya kwafa, ya iya gyarawa, ya iya miƙa wa wani. Ƙa'idar da kowa ya sani, ban da ni, ita ce ba a haɗa kwafa da miƙawa. Na bar ukun a buɗe. Bayan mako biyu na shiga wani wuri na tarar da tim-tim ɗina a cikin akwatin kayan kyauta, kowa na ɗiba. Ba sata aka yi mini ba, ni na bar ƙofa a buɗe, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Na janye shi, na sake wani da sabon ado, na rufe izinin miƙawa. Sai kuma wani mai saye ya rubuta cewa idan ya zauna a kai yana lilo a iska kamar aljani. Na sayi motsin zama na tanƙwashe ƙafa daga masu yin sa, na haɗa da AVsitter, ƙaramar manhajar da ke daidaita yadda mutum-mutumi zai zauna a kan kaya, na kwana biyu ina daidaita mazaunin mutum-mutumi da fatar, sama kaɗan, ƙasa kaɗan.

Cinikin farko na gaske ya zo ina barci. Na tashi asuba na ga saƙo an sayi guda ɗaya, 135 ta shigo bayan an cire nasu. Ko rabin dala da ɗan ɗoriya ke nan, kuɗin da ba zai sayi kwanon fura biyu ba, amma na nuna wa matata kamar na ci gasa. Agogon wurin na yammacin Amurka ne, muna gabansu da awa takwas, lokacin sanyinsu awa tara, don haka kasuwa na ci ne lokacin da Sakkwato ta yi tsit. Na ƙara faifai, gafaka, ƙwarya mai zane, buta da shimfiɗar buzu. Sannan wata mata da ke gina garin hamada don wasan kwaikwayo da abokanta ta tambaye ni ko zan iya gina mata ɗaki irin na garinmu. Na zagaya tsohon gari wajen Kanwuri da Hubbare ina kallon zaurukan da suka rage, yadda ake ɗaure rufi da azara, yadda zanko ke tsayawa a kusurwar soro, yadda indararo ke leƙowa. Na yi mata zaure mai ƙofa biyu. Ta biya 6,000 ba ta nemi ragi ba, abin da ya ɗan ba ni haushi don na gane na yi arha. Zauren nan har yau shi ya fi komai fita a shagona.

Fitar da kuɗi shi ne mataki na ƙarshe, kuma da na san yadda yake da shi na fara. Da farko za ka sayar da dalar Linden a kasuwar canjinsu, LindeX, a cire wani kaso. Sannan ka nemi a fitar maka da dalar, a sake cire wani. Kafin fitarwar farko sai an tantance ka: cikakken suna, ranar haihuwa, adireshi, hoton shaidar gwamnati. Fasfona ya ƙare tun bayan Umarar da na raka mahaifiyata, sai da na sabunta shi. Allah ya taimake ni na yi kafin Satumbar 2024 da kuɗin mai shafi 32 ya tashi daga naira 35,000 zuwa 50,000. Hoton fasfon da na tura na farko an dawo da shi saboda hasken fitila ya rufe lambobin, na sake ɗauka da safe a inuwar da nake ɗaukar fata. Kamfanonin tura kuɗi biyu suke aiki da su a lokacin, ɗaya kuwa asusun Najeriya a wurinsa na biya ne kawai, ba ya karɓa. Wani ya ba ni shawara in yi amfani da na ƙanena da ke karatu a Madina. Ban yi ba, kuma ba na ba kowa wannan shawara, domin sunan da aka tantance shi ya kamata ya kasance a kan asusun da kuɗin zai sauka, in ba haka ba kana iya rasa shago da kuɗin gaba ɗaya. Na buɗe na ɗayan kamfanin, su ma suka yi tasu tantancewar, kwana shida. Daga ranar da na danna neman kuɗi zuwa ranar da alat ya shigo wayata kwana goma sha ɗaya ne, ina duba waya har a sahun salla, Allah ya gafarta mini.

Idan ka tara yanke-yanken nan, daga kasuwa zuwa canji zuwa fitarwa zuwa kamfanin turawa, da ƙyar kashi 80 cikin ɗari ke isowa hannu. Don haka ba na fitarwa sai ta taru, wata uku-uku. Faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta sa 'yan dalolin suna auki idan an canza, amma ita ce kuma ta tsadar da data da batir, sai abin ya zama hannun dama ya karɓa na hagu ya bayar. Ban bar aikin katin biki ba, kuma ba na shirin bari. Wanda zai shiga, in da zai ji tawa, ya fara da ɗauko BVN da NIN da fasfo ya jera su a tabarma ya karanta harafi-harafi, ya buɗe asusun dala, ya tabbatar da hanyar da kuɗi zai bi ya iso shi, duk kafin ya buɗe Blender. Watannin da na yi ina zarya a banki da ƙira a hannu, da tare na tafiyar da su da koyo. Ya kuma nemi izinin mai aikin da zai ɗauka hoto, don adon nan wani ya gada daga ubansa.

Ranar da na canza kuɗin farko na nufi wurin Baba baduku da ambulan da kuma laftof a jaka. Na buɗe masa zauren, ga tim-tim ɗinsa guda huɗu a jere, wasu mutum biyu da ban san ko daga wace ƙasa suke ba suna zaune a kai suna hira. Ya matso da fuska dab da gilashin ya daɗe yana dubawa. Sai ya sa yatsa a kan dagin ya ce, “Nan ka yi kuskure, koren ba ya hawa bisa baƙi, ƙarƙashi shika bi.” Na duba na hannunsa, gaskiyarsa. Daren nan na gyara, na sake biyan Linden 10 na ɗora.